Sauraron mai damuwa aiki ne da ake koyo

Ƴan'uwa na Tsauni, a 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada, kan hanyar Aljeriya. Da yawansu mata da yara ne na ƙasar Kance. Wanda ya rasa nasa yakan kasa barci, ya kasa cin abinci. Yana bukatar mai sauraro.

Ana karatun wannan aiki a jami'ar Yamai. Amma babba ma yana koyo, ba sai ya bar sana'arsa ba. A Zimbabuwe an horar da tsofaffin mata, suna zama bisa benci suna sauraron masu damuwa.

Mu riƙe abu uku:

1. Saurara, kada ka yi gori.
2. Rufa asiri.
3. Mai zancen kashe kansa, raka shi likita nan take.

Tambaya: a garinmu, wa ya dace da wannan aiki?