Kafin Ku Isa Asibiti, Ku Lura da Abu Uku

"Likita, zai tashi kuwa?" Tambayar da dangi ke fara yi ke nan idan an shigo da wanda ya yi hatsari. Rai a hannun Allah yake, amma likita ba lalube yake yi a duhu ba. Akwai alamomin da yake aunawa, kuma kai da ka tsinci mutumin a bakin titi za ka iya fara lura da su.

Na farko, hayyaci. Kira shi da ƙarfi. Ya buɗe ido? Ya amsa daidai ko sambatu yake? Ka ce ya matse hannunka. Da waɗannan uku, wato ido, magana da motsi, likitoci ke ba da maki a ma'aunin Gilasgo, wanda Teasdale da Jennett suka fitar a 1974. Maki 15 cikakken hayyaci ne, 3 doguwar suma, 8 zuwa ƙasa kuma mummunan rauni a ƙwaƙwalwa.

Na biyu, numfashi. Ƙirga ɗagawar ƙirjinsa cikin minti ɗaya. Baligi mai lafiya yana yin 12 zuwa 20. Ƙasa da 10 ko kusan 30 alamar haɗari ce.

Na uku, bugun jini a wuyan hannu. Idan yana gudu amma da kyar kake jinsa, jiki ya yi sanyi, ga gumi, to wataƙila jini na zuba a ciki ko da ba ka ga ɗigo a waje ba. A asibiti, idan adadin bugun ya zarce lambar sama ta awon hawan jini, hankalin likita kan tashi.

Rubuta abin da ka gani tare da lokacinsa, ka sake dubawa bayan minti biyar. Sauyin ya fi awo ɗaya amfani: wanda yake magana da ƙarfe huɗu, ya daina da huɗu da kwata, labarinsa daban ne. Faɗa wa likita lokacin hatsarin ma, domin akwai allurar rage zubar jini da ke aiki cikin awa uku na farko.

Kada ka ba shi ruwa, kada ka lanƙwasa masa wuya. Danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta, ka kira jami'an kiyaye haɗurra a 122.

Waɗannan ma'aunai hasashe ne da aka gina kan dubban majinyata, ba hukunci a kan naka ba. An sha ganin mai ƙaramin maki ya koma gida da ƙafarsa, don an kai shi da wuri.