Nasiha Ga Matasa Masu Noman Sitiroberi

'Ya'yana, na ga yadda kuka duƙufa ga noman sitiroberi a Chaha da kewayen Vom, kuma abin ya faranta mini rai. Allah Ya yi albarka. Tsaunin Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, ya ba ku rana mai haske da dare mai sanyi a lokacin hunturu, yanayin da 'ya'yan suka fi tara sukari. Sai dai yanayi kaɗai ba ya sa zaƙi. Sauran aikin yana ga irin da kuka dasa da ranar da kuka tsinka.

Ku riƙa tambayar sunan iri. Wanda ya sayar muku da dashe ya ce "mai kyau ne" bai gaya muku komai ba. Sitiroberin da ake nomawa a duniya yau ruwa biyu ne. A 1714 wani Bafaranshe mai suna Frezier ya kai Faransa wani iri mai manyan 'ya'ya daga ƙasar Chili, aka dasa shi kusa da wani ƙarami mai ƙamshi na Arewacin Amurka, suka yi barbara. Tun daga nan masu inganta iri suke ta zaɓe, kowa da abin da yake nema. Jami'ar Kalifoniya ta fitar da Chandler, mai daɗi amma mai ɗan laushi, ta kuma fitar da Camarosa, mai tauri da jure tafiya. Faransawa suna da Mara des Bois, wanda ƙamshinsa kan cika ɗaki, amma ba ya son doguwar hanya. Ƙamshin nan haɗin sinadarai ne fiye da 300, kuma akwai wanda ƙwayar gado guda ɗaya tak ke sarrafa shi. Irin da bai gaje ta ba, ko buhun taki nawa kuka zuba masa ba zai yi wannan ƙamshin ba.

Don haka kada ku shuka ƙwayoyin da ke jikin ɗan, ba za su fito kamar uwarsu ba. Ku ɗauki dashe daga yaɗon uwa mai lafiya, ku kuma riƙa sabuntawa, domin cuta kan bi yaɗo shekara bayan shekara.

To, ga inda na fi jin tsoron gaggawarku. Kun saba da ayaba da mangwaro, a tsinke su ɗanye su nuna a ɗaki, saboda suna da sitacin da zai koma sukari. Sitiroberi ba haka yake ba. Da zarar ya rabu da uwarsa, zaƙi ya tsaya cak. Zai iya ƙara ja a kwando, ya yaudari ido, amma harshe ba ya yaudaruwa. Daga fure zuwa nuna kusan wata guda ne, kuma mafi yawan ƙamshin a 'yan kwanakin ƙarshe yake zuwa. Ku tsuguna ku duba da kyau: jan kan fara daga tsini ya hau zuwa koren hular da ke sama. Ku ɗaga ɗan a tafin hannu, ku juya gefen da ganye ya rufe. In kafaɗar na da fari, da saura.

Na san 'yan sarin Abuja da Legas sun fi son wanda bai gama ja ba, kuma ban ga laifinsu ba. Nunanne sosai ba ya kai Legas da mutuncinsa. Abin da nake so shi ne ku raba kaya. Mai tafiya nesa ku tsinka yana kashi uku cikin huɗu na ja. Wanda za a sha a Jos yau ko gobe, ku bar shi ya nuna sarai, ku sa masa kuɗinsa daban. Mai saye da ya ɗanɗana wannan shi zai neme ku da kansa.

Ku shiga gona duk bayan kwana biyu ko uku, da safe bayan raɓa ta bushe. A tsinko da hularsa da ɗan guntun kara, a jera a mazubi marar zurfi, a kai inuwa nan take, kada a wanke. Danshi ne ke jawo fumfuna mai launin toka da kan cinye kaya cikin dare ɗaya. Sannan in 'ya'ya sun fara, ku sassauta yuriya da yawan ban ruwa. Su ne ke ba ku ganye shar da manyan 'ya'ya masu lami.