Maciji a Tsakar Gida

Fagge tsohuwar unguwa ce a bayan ganuwar birnin Kano. A zamanin da, nan ne ayarin raƙuma ke sauka in sun zo fatauci daga arewa. Sabon Gari kuwa an kafa ta a 1913, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yau wuraren nan biyu sun cika maƙil da gidaje da shaguna da manyan kasuwanni, kamar Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari.

Wanda ya ga yawan jama'ar da ke can zai ce maciji ba shi da wurin zama a tsakaninsu. Amma ba haka abin yake ba. Akwai kangaye, da lambatu, da juji, da rafin Jakara mai ciyayi a bakinsa. Ga kuma motoci suna shigowa kullum daga ƙauyuka da itace da harawa da buhunan amfanin gona, wani lokaci maciji yakan laɓe a cikin kayan har ya iso gari. Da damina kuma, musamman a watan Agusta, ruwa yakan cika ramuka, sai macizai su fito neman busasshen wuri.

Abin da ke kawo shi gida

Maciji ba ya zuwa gida don neman mutum. Hasali ma tsoron mutum yake ji. Abu uku ne ke kawo shi, watau abinci, da maɓoya, da ruwa.

Abincinsa shi ne ɓeraye, da kwaɗi, da ƙadangaru, da 'yan tsaki, da ƙwai. Gidan da ake barin hatsi a zube, da kwanonin tuwo ba wanki har safe, ɓeraye za su yi yawa a cikinsa. Inda ɓera ya yi yawa kuwa, maciji yana tafe. In ya cinye ɓeran, sai ya gaje raminsa.

Maɓoyarsa ita ce tarin itace, da tarin bulo, da tsofaffin tayoyi, da fasassun tukwane, da tsagar bango. Maciji ba shi da zafin jiki na kansa kamar mutum ko akuya. In rana ta yi zafi sai ya nemi inuwa mai sanyi, in sanyi ya yi sai ya nemi wuri mai ɗumi. Don haka yake son gindin randa da bakin rariya, inda ƙasa ke da laima, kwaɗi kuma suna taruwa.

Macizai uku masu mugun dafi

Ba kowane maciji ke da dafi ba. Mesa, duk da girmanta, ba ta da shi. Amma a ƙasar Hausa da maƙwabtanta akwai uku da suka fi yin ɓarna.

Ta farko ita ce gamsheƙa. Ita ce ta fi shiga gidaje. Baƙa ce, doguwa, takan kai mita biyu. In ta fusata sai ta ɗaga gaba, ta fasa kai, ta tofa dafi a idon wanda ya tsaya mata. Tofin nan yakan kai nisan mita biyu, watau kamar taku uku na babban mutum. Da dare take yawo. Binciken da likitoci suka yi a Zariya da Malumfashi a shekarun 1970 ya nuna takan shiga ɗaki ta sari mai barci, tofinta kuma yana iya makantar da mutum in ba a wanke idon da sauri ba.

Ta biyu ita ce kasa. Gajera ce, mai kauri, mai faffaɗan kai. Launinta ya yi kama da ƙasa da busassun ganye. Ba ta gudu in ta ji tafiyar mutum, sai ta kwanta lamo tana huci. Shi ya sa ake taka ta. Tafiyarta a hankali take, amma saranta kamar walƙiya.

Ta uku ita ce kububuwa, wadda waɗansu ke kira gobe da nisa. Ƙarama ce, ba ta cika wuce rabin mita da yawa ba. In za ta yi sara takan naɗe, ta riƙa goga jikinta yana ƙara. Dafinta yana hana jini daskarewa. Ta fi yawa a gonaki, musamman wajen Kaltungo a Jihar Gombe, kuma ita ce ta fi kashe manoma a Nijeriya.

Yaro ba ya bukatar tsayawa ya gane wace iri ce ya gani. Kowane maciji ya gani, ya ɗauke shi mai dafi ne.

In an ga maciji

A ce wata yarinya ta tafi ɗebo itace a bayan madafa da magariba, sai ta ga baƙin abu ya sulale ya shige ƙarƙashin tarin. Me ya kamata ta yi?

Kada ta jefe shi, kada ta leƙa, kada ta sa hannu. Sai ta ja da baya sannu a hankali, har ta yi nisan taku shida ko fiye. Sa'an nan ta ɗaga murya ta ce, "Inna, ga maciji a wajen itace!" Uwar kuwa sai ta tattara ƙananan yara ta shigar da su ɗaki, ta aika a kira maigida. Babban mutum guda ya tsaya daga nesa da tocila, ya sa ido a wurin, don a san inda macijin ya nufa. Macijin da aka san inda yake ya fi sauƙin sha'ani bisa wanda ya ɓace a cikin gida.

In a cikin ɗaki aka gan shi, sai kowa ya fita, a ja ƙofa, a toshe ƙarƙashinta da tsumma. In a fili yake, kuma akwai hanyar da zai bi ya fita inda ba mutane, sai a ba shi hanya. Maciji yakan yi sara ne in an taka shi, ko an rutsa shi ya rasa mafita.

Kowane ɗan makaranta ya san labarin Bayajidda, wanda aka ce ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Amma shi jarumi ne mai takobi. Taron yara da sanduna da duwatsu ba jarumtaka ba ne, ganganci ne. Mutane da yawa wajen ƙoƙarin kashe maciji ya sare su. Ko an kashe shi ma, kada a taɓa kan, gama kan maciji yana iya sara bayan an datse shi.

Abin da ya dace shi ne maigida ya sanar da maƙwabta da mai unguwa, a nemo wanda ya san aikin kama maciji, mai doguwar sanda da dogayen takalma da buhu. Shi ma sai ya kare idonsa da tabarau saboda tofi. Ko gardawa, waɗanda wasa da maciji sana'arsu ce, wani lokaci yakan sare su.

Waɗansu sukan zuba fetur ko kananzir a rami su cinna wuta. Wannan babban kuskure ne. A Fagge da Sabon Gari gidaje da shaguna manne suke da juna. Mutanen Kano ba su manta da gobarar da ta ci Kasuwar Sabon Gari a 2016 ba. Ba neman maciji ya jawo ta ba, amma ta nuna yadda wuta ke gudu a wuri mai cinkoso. Bai kamata a ƙone unguwa saboda maciji ɗaya ba.

Yadda ake raba shi da gida

Fitar da maciji guda rabin aiki ne. In ɓeraye da maɓoya suna nan, wani zai zo ya maye gurbinsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka maciji ma. Ga ayyukan da ke hana shi zama:

1. A zuba hatsi a mazubi mai murfi, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. A wanke kwanoni kafin a kwanta. A ɗana tarkon ɓera, ko a ajiye kyanwa.

2. A toshe ramukan ɓera da tsagar bango da siminti ko yumɓu. A sa ragar ƙarfe mai ƙananan ido a bakin rariya, ruwa ya fita, maciji ya kasa shiga.

3. A ɗaga itace daga ƙasa, a ajiye shi nesa da ɗakin kwana. Wanda zai kwashe tsohon tari ya fara motsa shi da doguwar sanda, da rana, yana sanye da takalmi.

4. A nome ciyawar bayan gida, a kwashe shara da tarkace, a share gindin randa.

5. A nisanta akurkin kaji da ɗakin kwana, a riƙa kwashe ƙwai kullum. In kaji suka ɓarke da kuka da tsakar dare, babba ne zai duba, da fitila a hannu.

6. A kwana a kan gado, a cikin gidan sauro da aka cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Mai fita da dare ya riƙe tocila, ya sa takalmi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa.

Yawancin ayyukan nan yara suna iya taimakawa a cikinsu. Kuma aikin ba na gida ɗaya ba ne. In gida ya yi tsaf amma kangon maƙwabta ya cika da juji, ba a rabu da maciji ba. Don haka ya kamata 'yan layi su haɗu su yashe lambatu tun kafin ruwan sama ya sauka.

In tsautsayi ya auku

In gamsheƙa ta yi wa mutum tofi a ido, nan take a wanke idon da ruwa mai tsabta, mai yawa, a yi ta zubawa ba ƙaƙƙautawa. Kada ya murza idon. Bayan haka a kai shi asibiti.

In sara ne, a janye mutumin daga wurin, a kwantar masa da hankali. Kada ya yi gudu, gama gudu yana sa dafi ya bi jiki da sauri. A cire masa zobe ko munduwa ko takalmi kafin wurin ya kumbura. A sa wa hannun ko ƙafar katako a naɗe sako-sako, kamar yadda ake wa karaya, don kada ya motsa. Sa'an nan a ɗauke shi a mota ko a-daidaita-sahu zuwa babban asibiti. Daga Fagge, Asibitin Murtala Muhammad da ke kusa da Ƙofar Mata ba shi da nisa. Akwai kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan hanyar Zariya.

Kada a ɗaure wurin tamau da igiya, gama yin haka yana iya kashe hannun ko ƙafar har a yanke. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a yi ƙaho. Baƙin dutsen da ake mannawa a kan sara ba ya zuƙe dafi. Kada kuma a tsaya neman macijin. Kowane jinkiri dafin yake taimaka wa.

Makarin dafi

A asibiti likita yakan ɗebi jinin mai ciwo kaɗan, ya zuba a kwalba mai tsabta, ya jira minti 20. In jinin bai daskare ba, ya san dafi irin na kububuwa ya shiga jiki. Sai a yi wa mai ciwo allurar makarin dafi ta jijiya.

Wani likita Bafaranshe mai suna Albert Calmette shi ya fara haɗa irin wannan magani, wajen 1895. Ga yadda ake yin sa. Ana tatsar dafin maciji, a riƙa sa wa doki ko tunkiya ɗan kaɗan-kaɗan, har jininsu ya koyi yaƙi da dafin. Daga cikin jinin nan ake tace maganin. An haɗa makarin dafin macizan Nijeriya a Birtaniya da kuma ƙasar Kosta Rika, aka gwada shi a asibitin Kaltungo. Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero ta Kano yana cikin manyan masanan da suka yi wannan aiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 kowace shekara a duniya. A 2017 ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A 2019 kuma ta ƙudura rage mutuwa da naƙasa daga gare shi da rabi kafin 2030.

Makarin dafi yana da tsada, kuma ba a kowane ƙaramin asibiti ake samun sa ba. Tsintsiya da tarkon ɓera da kwanon siminti kuwa suna da araha a kowace kasuwa. Yaron da ya share tsakar gida, ya rufe hatsi, ya faɗa wa babansa inda ya ga ramin ɓera, ya yi aikin da ya fi na mai sanda. Rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

Kango: gidan da ya rushe, ba kowa a ciki.
Lamo: kwanciya shiru ba motsi.
Gardi: mai wasa da maciji ko kura.
Makari: maganin da ke karya ƙarfin dafi ko guba.
Ganganci: yin abu mai haɗari ba tare da tunani ba.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke kawo maciji gida?
2. Ta waɗanne hanyoyi maciji ke iya shigowa Fagge da Sabon Gari?
3. Me ya sa ake yawan taka kasa?
4. Me ya kamata yaro ya yi in ya ga maciji a tsakar gida?
5. Don me bai dace a cinna wuta a ramin maciji ba?
6. Waɗanne abubuwa huɗu ne ba a yi wa wanda maciji ya sara?
7. Yaya ake haɗa makarin dafi?
8. Mene ne ma'anar karin maganar nan: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga?