Ku Fara Tambayar Abin Da Ake Ƙirgawa

'Ya'yana, kwanakin baya jikanyata ta same ni bayan sallar la'asar da littafinta a hannu, ranta a ɓace. Tana shirin jarrabawar WAEC, kuma wata tambaya ta tsaya mata a wuya. Ta ce, "Kaka, wannan tambayar ba ta cika ba, sun manta da wani abu." Na sa tabarau na karanta. An ce a wata makaranta kashi biyu cikin bakwai na ɗalibai mata ne, kuma kashi uku cikin biyar na ɗaliban da keke suke zuwa. Yawansu ya haura 40 amma bai kai 100 ba. Su nawa ne?

Ban karɓi biro daga hannunta ba. Na ce, "Uwata, me ake ƙirgawa a nan?" Ta ce ɗalibai. Na ce, "Kin taɓa ganin rabin ɗalibi zaune a aji?" Ta yi shiru tana kallon takardar, can sai ta ɗago kai. Idan har za a raba ɗaliban gida bakwai a ɗauki biyu, dole yawansu ya rabu da bakwai ba saura. Haka ma biyar. Ƙaramar lambar da bakwai da biyar suke shiga cikinta daidai ita ce 35, daga nan sai 70, sai 105. Ta farko ta yi kaɗan, ta ƙarshe ta wuce gona da iri. Da bakinta ta ce saba'in, mata 20, masu keke 42.

Abin da nake son ku riƙe ke nan. Mai tambaya ba ya rubuta komai da komai. Da ya ce mutane, ko shanu, ko ƙwai, ya riga ya gindaya muku sharaɗi a ɓoye: amsar cikakkiyar lamba ce, kuma kowane kason da ya ambata shi ma cikakke ne. Yara da yawa na gani suna barin irin wannan tambaya fayau, alhali sun iya lissafin. Abin yana yi mini ciwo, don makin da suka rasa nasu ne, gaggawa ce kawai ta raba su da shi.

Kuma kada ku ɗauka wannan dabara baƙuwa ce da ta zo da boko. Malaman zaure da ke rabon gado da ita suke aiki tun kafin a haifi kakanninmu. Kason da Alƙur'ani ya ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Kafin malami ya taɓa dukiya sai ya nemi abin da suke kira asalin mas'ala, wato lambar da kowane kaso zai fita daga cikinta ba gutsure. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji da 'ya mace. Matar tana da sumuni, uwar tana da sudusi. Takwas da shida suna haɗuwa a 24, don haka matar ta ɗauki 3, uwar ta ɗauki 4, saura 17. 'Ya'yan kuwa gida uku za a yi musu, biyu na namiji, ɗaya na mace, ga shi 17 ba ta rabuwa uku. Sai malam ya ninka 24 sau uku ta zama 72: matar 9, uwar 12, ɗan 34, 'yar 17. Ko al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafin da aljebra ta samo sunanta daga gare shi a Bagadaza wajen shekarar 820, babban ɓangare na littafin a kan lissafin gado da wasiyya ya yi shi.

Sai dai akwai rami a kan hanyar, kuma masu ƙoƙari ne suka fi faɗawa ciki. Makiyayi ya sayar da sulusin tumakinsa, sannan ya sayar da rubu'in waɗanda suka rage. Yaro zai ga uku, ya ga huɗu, nan take ya ce dole tumakin su rabu da goma sha biyu. A'a. Rubu'in nan ba na garken duka ba ne, na ragowa ne. Ragowar sulusi biyu ce, rubu'inta kuwa biyu cikin goma sha biyu, wato sudusin garken. Tumaki shida sun isa: ya sayar da biyu, huɗu suka rage, ya sayar da ɗaya. Saboda haka ku mayar da kowane kaso zuwa ga jimillar farko, ku rage shi har lambar sama da ta ƙasa su daina rabuwa da abu ɗaya, sannan ku yanke hukunci. Huɗu cikin shida ba ta buƙatar shida, uku kawai take buƙata.

Ku kuma lura da inda sharaɗin ba ya aiki. Gero ana auna rabin mudu, fetur ana sayen rabin lita, yadi ana yanka rubu'insa. Idan tambaya a kan irin waɗannan take, kada ku tilasta wa amsa ta zama cikakkiya.

Ga wata ku tafi da ita gida, kamar yadda na ba jikanyata a ranar. Wata baiwar Allah ta kai ƙwan zabi kasuwa, sun haura kiret ɗaya mai cin talatin, amma ba su kai hamsin ba. Da hantsi ta sayar da kashi biyu cikin biyar, da azahar ta sayar da sulusin ragowar, da la'asar ta sayar da rubu'in abin da ya saura, kuma ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Nawa ta fito da su daga gida? Idan lissafinku ya kai ku ga sittin har kuka ga kamar tambayar ce ba daidai ba, ku koma kan tumakin makiyayin nan, ku bi su a hankali.