Yadda Ake Ƙera Wuƙar Farauta Mai Zane

Ƙira sana'a ce mai asali, domin Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci ƙarfe a cikin Alƙur'ani har sura guda ta ɗauki sunansa, ya kuma tausasa shi ga Annabi Dawuda, alaihis salamu. Maharban Mawashi da na ƙauyukan da ke tsakanin Kankiya da Kusada, waɗanda kan shiga daji da rani bayan an kawar da amfanin gona, sun san darajar wuƙa mai ƙota da kube, wadda ba ta naɗewa. Mafificiyar irinta kuwa ita ce mai zane a jikin ƙarfe, wadda ake jingina sunanta ga birnin Dimashƙa na ƙasar Sham.

Da farko maƙeri zai nemi ƙarfe iri biyu, mai tauri kamar sifirin ɗin mota ko tsohon magagari, da kuma mai taushi, ya kankare tsatsarsu sarai, ya jera su falle 5, wannan bisa wancan, ya ɗaure. Sa'an nan ya zuba gawayin ƙirya, yaro ya kama zugazugi. In ƙarfe ya yi ja, sai ya barbaɗa masa lallausan yashi, ya mayar da shi wuta har ya soma fari, ya ɗauko da awartaki, ya ɗora bisa uwar maƙera, ya bi shi da masaba sannu sannu har fallayen su haɗe. Daga nan ya miƙar, ya tsaga tsakiya, ya ninka, ya sake haɗawa. Ninki 4 kan mai da falle 5 su zama 80, idan kuwa ya murɗa sandar tun tana da zafi, zanen kan fito kamar igiyar ruwa.

Bayan ya fitar da siffar wuƙa, ya daidaita bakinta da magagari, sai shayarwa, wadda ita ce sirrin aikin baki ɗaya: ya gasa ta ta yi jawur, ya tsoma a man gyaɗa, sa'an nan ya ɗumama ta kaɗan har ta ɗauki launin zuma, don kada ta karye a kan ƙashi. Sai ya goge ta tas, ya jiƙa ta a ruwan lemun tsami, ƙarfe mai tauri ya yi duhu, mai taushi ya yi haske, zane ya bayyana. A ƙarshe ya kafa ta a ƙotar ƙirya ko ƙahon sa, ya wasa, baduku ya ɗinka mata kube.

Wajibi ne 'ya'yan maƙera su zauna gaban iyayensu su nemi wannan ilmi, mu kuma mu sayi aikinsu da farashin da ya cancanta.