Yadda Ake Koyar da Jimlar Turanci Mai Ɓoye Mai Aiki a Ƙaramar Sakandare

Ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare a Gwagwalada, Kuje ko Nyanya ba ya rabuwa da wata irin jimlar Turanci. A saman takardar jarrabawa ya ga "All questions must be answered", a darasin kimiyya ya ji "Drinking water should be boiled", a bakin wata ma'aikata kuma ya karanta cewa motar da aka ajiye ba bisa ƙa'ida ba "will be towed". Ita ce jimlar da ke ɓoye mai aiki, wadda malamai ke kira passive voice, haɗe da ƙananan kalmomin da ke nuna tilas, iko, dacewa ko yiwuwa: must, can, should, may, will. Tana cikin manhajar ilimin bai ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC, mai hedikwata a Sheda cikin ƙaramar hukumar Kwali, ta tsara, kuma jarrabawar BECE na jiran yaro a ƙarshen aji uku. Yawancin malamai kan fara da rubuta ƙa'ida a allo, su ba da jimloli ashirin a juya. A ganina juya jimla shi ne matakin ƙarshe. Abin da ya kamata a fara da shi shi ne ma'ana, domin yaro ya zo da ita daga gida.

Mataki na farko, malam ya tambayi ajin yadda ake faɗin doka a gida ba tare da ambaton wanda zai cika ta ba. Mai jin Hausa zai ce "dole a rufe ƙofa", "ya kamata a wanke kwano", "za a ɗauke wuta". Wannan "a" ba ta nuna kowa, kuma aikinta ke nan. Akwai ma abin da ya fi haka kusa. Idan mai gyaran waya ya ce "wannan ba ta gyaruwa", ya faɗi daidai abin da Bature ke nufi da "It cannot be repaired": ga abin da aiki ya faɗa wa a gaba, ga rashin yiwuwa, mai gyara kuwa babu shi a zancen. Sai malam ya jera jimlolin yara biyar ko shida a hagun allo, ya rubuta takwarorinsu na Turanci a dama, bai ce uffan kan nahawu ba tukuna.

Za a ce ajin Abuja ba na Hausawa zalla ba ne. Akwai Gbagyi, Gwandara, Bassa, Ibo, Yarbawa da 'ya'yan ma'aikata daga kowace jiha. Gaskiya ne, amma hakan bai rushe dabarar ba. Mai jin Ibo yana da "a" ko "e" da ba ta nuna kowa, Bayarabe kan yi amfani da "wọ́n", Turancin buroka da kusan kowane yaro ke ji a Karu da Kubwa kuma yana cewa "dem go tow am". Kowa ya kawo nasa. Masu ganin ba a shigar da harshen gida ajin Turanci su lura cewa minti goma ake magana a kai, a darasi ɗaya. Ko an hana, yaron yana fassarawa a zuci, gara a fito da fassarar fili inda malam zai iya gyara ta.

Mataki na biyu shi ne gaba da baya, kuma a nan gadar da ke tsakanin Hausa da Turanci ke da rami. Hausa na barin karɓau bayan aikatau: "dole a biya kuɗin". Yaron da ya bi wannan sawu zai rubuta "Must be paid the money". Maganinsa a sa shi ya fara jawo abin gaba cikin Hausar kanta, yadda muke yi idan muna son jaddadawa: "ƙofar nan, dole a rufe ta". Daga nan "The door must be closed" ba nisa. Sai dai a gargaɗe shi cewa "ta" ɗin ƙarshe ba ta ƙetarawa, in ba haka ba za a ga "The door must be closed it" a littattafai da dama. Dabara mai sauƙi ita ce a rubuta sassan jimla a kan katuna huɗu, yara huɗu su riƙe a gaban aji, sauran su gaya musu inda kowa zai tsaya.

Mataki na uku, a tsaya kan "be". Bayan must, can, should da 'yan'uwansu, wannan kalma ba ta sauya kama, ko abu ɗaya ne ko dubu: "The cup must be washed", "The cups must be washed". Wannan albishir ne ga yaron da is, are, was da were suka wahalar, kuma ya kamata a gaya masa haka ƙarara. A nuna masa kuma abin da ke faruwa idan ta faɗi: "The goat must eat" akuya ce za ta ci, "The goat must be eaten" ita za a ci. Dariyar da ajin zai yi ta fi bayanin rabin sa'a zama a kai.

Mataki na huɗu ya fi kowanne cin lokaci: siga ta uku ta aikatau. Malamai kan ɗauki "must be wash" a matsayin sakaci, alhali sau da yawa matsalar kunne ce. Kalmomin Hausa galibi da wasali suke ƙarewa, ba a tara baƙaƙe biyu a ƙarshensu, don haka sautin "t" da ke wutsiyar washed, ko "d" na cleaned, kan ɓace a baki, sannan ya ɓace a rubutu. Sai malam ya ware kalmomin gida uku bisa lafazi, irin su washed da locked, irin su cleaned da boiled, irin su painted da collected, ajin ya maimaita da ƙarfi cikin cikakkiyar jimla. Aikatau masu bauɗewa kuwa, waɗanda ba sa ɗaukar "-ed", kada a ba da jerin ɗari a haddace. Goma sha biyu da ake bukata kullum sun isa a fara: paid, sold, kept, written, taken, broken, worn, done, given, seen, eaten, brought. A nan ne kuma za a nuna cewa aikatau marar karɓau ba ya shiga wannan sahu, saboda haka babu "It can be happened".

Korewa da tambaya ba su da wuya: not ta bi bayan must ko should, a tambaya kuma kalmar ta dawo farko, "Can it be repaired?". Ambaton mai aiki da "by" a bar shi sai inda sunan ke ƙara wani abu, kamar "The form must be signed by a parent". Sigar "should have been done" ta jira babbar sakandare.

Daga nan sai aiki. A raba ajin rukuni-rukuni, kowanne ya rubuta dokoki biyar: na ɗakin gwaje-gwaje, na filin wasa, na shiga mota a tashar Jabi, na tsaftar rumfa a kasuwar Wuse. A manna su a bango, wani rukuni ya duba na wani da tambaya uku: abin yana gaba, akwai be, aikatau a siga ta uku yake? Ajin da ya cika maƙil ma ya fi amfana da wannan, don takarda goma malam zai duba maimakon littafin kowane yaro.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne na jarrabawa: ai juya jimla ake tambaya, me ya sa za a kashe darasi huɗu na minti 40 kafin a kai gare shi? Domin wanda ya haddace ƙa'ida kawai yakan ci tambayar da ta zo yadda ya saba, ya faɗi idan an ba shi gurbi ya cike ko an sa shi rubuta wasiƙa ga shugaban makaranta. Wanda ya riga ya rubuta dokoki da hannunsa kuwa, juya "You must lock the gate" zuwa "The gate must be locked" aikin darasi ɗaya ne a wurinsa. Malam, Malama, a sa juyi a darasi na biyar, kuma a ɗauko jimlolin daga takardun da yaran suka manna a bango.