Ɗalibi a Hungary, ga inda za ku yi walimar Sallah

Ƙanina da ke karatu a Debrecen ko Szeged, ɗakin kwananka ba zai ɗauki mutum arba'in da tukunyar shinkafa ba, hayar zauren otal kuwa sai ta lashe alawus ɗinka. Leƙa ƙauye. Ƙauyuka da dama suna da gidan al'adu, művelődési ház. An gina da yawansu a zamanin mulkin gurguzu, tun daga shekarun 1950, don majigi, wasan kwaikwayo da laccar jam'iyya. Bayan sauyin mulki na 1990 akasarinsu suka koma hannun ƙananan hukumomi. Yau a ciki ake bikin aure, koyon rawar gargajiya da taron 'yan fansho, kuma ana ba da haya.

1. Gobe da safe buɗe taswira a wayarka, ka zaɓi ƙauye biyu da bas ke zuwa. Fara duba lokacin motar ƙarshe ta dawowa, musamman ranar Lahadi.

2. Kira ofishin magajin garin. Nemi ɗan ajinku ɗan ƙasar ya yi maka magana, don Turanci bai cika aiki a ƙauye ba. Sau da yawa mutum ɗaya ke riƙe da makulli, shi ne kuma mai kula da laburare. Shi za ka kama.

3. Je ka gani da idonka, kada ka yarda da hoto. Zauren yakan zo da dandamali, labule mai kauri da kujeru a jibge a lungu. Matsalar ita ce sanyi. Tsofaffin gine-gine ne masu cin gas, har wasu suka rufe a hunturun 2022 da kuɗin makamashi ya yi tashin gwauron zabo. Ƙaramar Sallah yanzu tana faɗowa kafin sanyin can ya gama tafiya, don haka tambaya ƙarara: kuɗin ɗumama ɗaki yana cikin haya? Leƙa banɗaki da kicin ma.

4. Faɗa musu da abincinku za ku zo, babu giya. Rago kuwa, kada ka ko fara tunanin yanka shi a harabar mutane. Sayo nama a shagon halal.

5. A rubuta yarjejeniya: nawa a kuɗin forint, ƙarfe nawa za ku tashi, wa zai yi shara.

6. Zuba wa mai makulli nasa kwanon, da miya marar yaji sosai. Ku jera kujeru yadda kuka same su, sannan ka tambaye shi ranar bikin ƙauyen, falunap, ko za a ba ku teburin sayar da tsire.